Idan Zobe Ya Ƙi Fita Daga Yatsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, kuma ina ɗauke da juna biyu na wata bakwai. Zoben zinaren da aka sako mini a kayan lefe ya maƙale a yatsana, alhali da can yana shiga yana fita ba tare da wata wahala ba. Na shafa sabulu, na shafa man gyaɗa, na ja har fatar gaɓar ta yi ja tana raɗaɗi, amma bai wuce ba, sai ma yatsan ya ƙara kumbura. Surukata ta ce in bar shi, idan na sauka zai fita da kansa, ni kuma ba na so a yanka shi saboda darajarsa a wurina. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Abu na farko shi ne ki dakata da ja, domin jan da kike yi da ƙarfi shi ne yake ƙara wa zoben gindin zama. Jini yana shiga yatsa ta jijiyoyin da suke kwance a gefe da gefensa, bugun zuciya ne kuma yake tura shi, saboda haka matsin zobe ba ya saurin tare shi. Hanyoyin da jinin yake bi ya koma kuwa suna dab da fata, kuma ba su da ƙwari, ɗan matsi kaɗan ya isa ya rufe su. Idan zobe ya matse, jini yana ci gaba da shiga amma fitarsa ta ragu, kamar kududdufin da ruwa yake kwarara cikinsa an toshe masa mafita, sai yatsa ya kumbura, kumburin ya ƙara matse zoben, matsin kuma ya ƙara kumburin. Duk lokacin da kika ja zoben ya tokare a gaɓar tsakiya, wadda ita ce mafi kauri a yatsa, kina tattara fata da ruwa a gabansa, kina kuma ƙuje naman wurin, shi kuwa naman da aka ƙuje kumbura yake yi. Kumburin za a fara saukarwa, sa'annan a waiwayi zoben.

Kafin ki gwada kowace dabara, ki duba lafiyar yatsan. Ki danna farcen har ya yi fari, ki sake shi, ki ga ko jan jini ya dawo cikin kamar daƙiƙa 2. Na san mafi yawan matanmu ba sa rabuwa da lalle, shi kuma yana ɓoye launin farce da na kan yatsa, don haka idan hannunki da ƙunshi, ki nemi wurin da lallen bai rufe ba a cikin yatsan ki danna, sa'annan ki kwatanta shi da ɗan'uwansa na ɗaya hannun. Idan ya fi shi sanyi, ko ya yi baƙi-baƙi ko fari fat, ko ba kya jin taɓi a kansa, ko kina jin kamar ana tsittsira miki allura, ko zugin ya hana ki sukuni, to babu sauran batun dabarar gida. A wannan halin a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, a yanke zoben, domin naman da jini ya daina isa gare shi yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ki ba yatsan hutu na yini guda raɗaɗin ya lafa. Ki zaɓi lokacin da gari ya yi sanyi, ba tsakar rana ba, kuma ba daga tashi a bakin murhu ba, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini ya ƙara wa yatsu kauri, shi ya sa ma zobba suka fi maƙalewa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara a Gombe da Bauchi yake kaiwa digiri 40. Ki kishingiɗa, ki ɗaga hannun sama da ƙirjinki na tsawon minti 10, kina iya jingina shi da bango ko ki ɗora shi a kan matasai. Bayan haka ki tsoma shi a ruwan sanyi na wasu mintuna. Ruwan randa ya wadatar, idan kuma za ki sa ƙanƙara, ki naɗe ta a tsumma, kada ki ɗora ta kai tsaye a fata. Da zarar kin fito da hannun, ki shafa abu mai santsi, sabulun ruwa ko man kaɗe ko basilin, ki tabbatar ya shiga ƙarƙashin zoben ta hanyar jujjuya shi a inda yake, ba a bayan yatsan kawai ba. Sai ki ɗan lanƙwasa yatsan kaɗan, ki saki jikinki, ki riƙa murɗa zoben a hankali yana tafiya gaba, wata kuma tana janye miki fatar gaɓar zuwa baya, wato zuwa wajen tafin hannu, domin kada ta taru a gaban zoben. Murɗawa ake yi, ba fizga ba. Mafi yawan zobban da ake cewa sun ƙi fita a nan suke fita, musamman idan an yi haƙurin ɗaga hannun da sanyaya shi, wanda shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa.

Idan hakan bai yi ba, sai dabarar zare, wadda ma'aikatan asibiti ma suke amfani da ita. Ana bukatar mutum na biyu. A samo zare mai ƙwari da sulɓi, tsawon kamu biyu, irin zaren ɗinkin hula mai ɗan kauri ko zaren sakace haƙori. Siririn zaren keken ɗinki bai dace ba, domin yana iya yanka fata. A zura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben daga wajen farce zuwa wajen tafin hannu, da taimakon fil ɗin gashi ko gindin allura, ba tsininta ba, a bar ɗan guntu kamar tsawon yatsa yana reto a wajen tafin. Dogon ɓangaren kuma a fara naɗa shi a yatsan tun daga bakin zoben, a matse, kowane zagaye yana manne da na bayansa ba tare da barin rata da nama zai ɓullo ba, har a wuce gaɓar tsakiya. Wannan naɗin yana kore ruwan kumburin, ya kuma kwantar da fatar. A shafa mai a kan zaren, a kama guntun nan da aka bari, a ja shi zuwa wajen farce ana warware shi a hankali. Kowane zagaye da ya warware yana tura zoben gaba kaɗan, har ya haye gaɓar. Akwai zafi, ba zan ɓoye miki ba, kuma kan yatsan zai yi duhu yayin da zaren yake ɗaure, saboda haka kada a bar shi ya wuce minti 2 zuwa 3. Idan fatar gaɓar ta riga ta fashe, a bar wannan dabarar baki ɗaya. Idan kuma an gwada sau biyu bai fita ba, a tsaya, domin gwaji na uku da na huɗu kumburi kawai suke ƙarawa.

Batun yanka kuwa, ki kwantar da hankalinki. Zinare ƙarfe ne mai laushi, kuma irin wanda matanmu suka fi saye, mai lamba 18 ko 21 ko 22, yana yankuwa cikin 'yan mintuna. Na'urar da aka yi domin wannan aiki tana da ɗan harshe da ake zurawa tsakanin zobe da fata, da ɗan faifan zarto da ake juyawa da hannu a kansa, ta yadda haƙoran ba za su taɓa yatsa ba. Ana yankawa ta wajen tafin hannu, inda zoben ya fi siranta kuma babu ado, sa'annan a buɗa bakin da filaya. Maƙerin zinare ma yana iya yin wannan idan yatsan lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne zai liƙe miki shi daga baya, har ya ƙara masa faɗi idan kina so, ba tare da an gane inda aka yanka ba. Abin da yake zubewa na garin zinare wajen yankan ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma babu laifi ki ce a auna miki nauyinsa a gabanki kafin ki bar shi a shago.

Shawarar surukarki ta ƙauna ce, kuma gaskiya ne kumburin ciki yana sauka bayan haihuwa, sai dai jiran ba shi da fa'ida a nan. Sauran watannin da suka rage su ne jiki ya fi tara ruwa a cikinsu. A lokacin naƙuda ana iya ƙara miki ruwa, kuma a kwanakin farko bayan haihuwa kumburi yakan ƙaru kafin ya fara sauka. Idan kuma aka bukaci tiyata, za a ce a cire zoben ko ta halin ƙaƙa, a lokacin da babu mai natsuwar lallaɓa shi. Gara a cire shi yanzu cikin kwanciyar hankali, ki adana shi, ki bari sai bayan arba'in kafin a sake auna yatsanki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba zoben ba ne, kumburin hannun ne. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, don haka ɗan kumburin ƙafa da yamma ba abin tsoro ba ne. Amma kumburin hannu da fuska, musamman wanda ya zo farat ɗaya bayan ciki ya wuce mako 20, yana cikin alamomin hawan jinin masu ciki, wanda idan aka yi sakaci da shi yake kaiwa ga jijjiga, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan. Ki je asibitin da kike awo a wannan makon, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki ce a auna jininki a kuma gwada fitsarinki. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, likita ne zai ce ga abin yi. Idan kuwa kina fama da ciwon kai da ba ya jin magani, ko ganinki yana dishi-dishi, ko kina ganin walƙiya, ko kina jin ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to a yau ɗin nan za a kai ki, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya yana nan cikin garinku. Kada ki karɓi maganin sa fitsari daga kemis da sunan sauke kumburi, domin ba ya maganin wannan ciwo, yana kuma iya cutar da abin da ke cikinki.

Tambaya: Likita, ni bakanike ne a garin Bauchi. Kwanakin baya guduma ta bugi yatsan wani yarona da safe, yana sanye da zoben ƙarfe mai ƙyallin nan da samari suke saya a kasuwa. Bai faɗa wa kowa ba sai da yamma, lokacin yatsan ya cika fam. Muka sa zarto ya ƙi ci, sai muka kira mai walda ya yanka da injinsa. Zoben ya fita, amma yatsan ya ƙone. Da me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka damu da shi. An yi asarar damar ne tun da safe. Yatsan da ya bugu ba ya kumbura nan take, yana ɗaukar mintuna zuwa sa'o'i, kuma a cikin mintunan farkon nan zobe yana fita da ɗan sabulu kawai. Ka koya wa yaranka cewa duk wanda ya ji ciwo a hannu, ko a yatsa ne ko a wuyan hannu, ya zare zobe kafin ma ya tsaya duba ciwon. Haka hukuncin yake ga ƙuna, da harbin kunama ko zuma, da ɗan karkare idan ya fara zugi, da kuma saran maciji. Manoma da makiyayan kudancin Gombe, inda kububuwa take da yawa har aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo, su suka fi bukatar wannan bayani, domin dafinta yana kumbura hannu ƙwarai, kuma cire zobe da awarwaro da agogo yana cikin taimakon farko tun kafin a kama hanya.

Da yake bugu ne, da yamman nan asibiti ya kamata ku nufa, domin yatsan da guduma ta samu yana iya kasancewa da tsagewar ƙashi, kuma ba a jan zobe ko naɗa zare a kan karaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, a can ana iya kashe zafin yatsan da allura, a ɗauki hoton ƙashi, a cire zoben a natse.

Kai da kake sana'ar ƙarfe za ka fi kowa gane dalilin da zartonku ya ƙi ci. Zinare da azurfa da tagulla suna da laushi. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka fi yin zobban samari da shi, da kuma taitaniyom, suna da tauri, suna yankuwa amma da jinkiri, kuma ba sa buɗuwa idan an yanka wuri ɗaya, sai an yanka wuri biyu masu fuskantar juna zoben ya rabu gida biyu. Injin yankan ƙarfe na masu walda yana juyawa sau dubbai a minti guda, kuma gogayyar tana zafafa zobe cikin daƙiƙoƙi kaɗan, zafin ya zagaye yatsan gaba ɗaya kafin mai riƙe da injin ya ankara. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Idan larura ta kama a wurin da asibiti yake da nisa kuma yatsa ya fara canja launi, a zura wani fallen ƙarfe, kamar mariƙin cokali da aka daddaƙe, tsakanin zoben da fata, a sa wani yana tsiyaya ruwan sanyi a kai ba ƙaƙƙautawa, a yi aiki da magagari ko ƙaramin zarton hannu, ana yi ana tsayawa ana taɓa zoben a ji ko ya ɗumama. Ya fi ɗaukar lokaci, amma hannu yana iya tsayawa a inda inji ba zai tsaya ba.

Akwai kuma wani nau'in da ba a yanka shi sam, wato zoben tungistin. Za ka gane shi da nauyi fiye da girmansa, kuma magagari yana zamewa a kansa ba ya barin ko alama. Taurinsa ne ya sa yake da saurin fashewa, don haka fasa shi ake yi da filaya mai kulle. A daidaita bakinta ta kama zoben sama-sama, a buɗe, a ƙara murɗa sukurun kamar rubu'in zagaye, a sake kamawa, a yi ta maimaitawa har a ji ya yi ƙara ya tsage. Da yake ana ƙara matsin kaɗan-kaɗan ne, filayar ba ta kai wa ga murƙushe yatsa. Gutsattsarinsa suna da kaifi kuma suna tsalle, saboda haka kowa ya kare idonsa, a kuma duba kada wani ya saura a fata.

Game da ƙunar da ta riga ta faru, idan ta zagaye yatsan kamar yadda zoben yake, a kai yaron a duba shi ko da yana cewa ya ji sauƙi, domin fatar da ta ƙone tana iya ƙanƙancewa ta shaƙe yatsan kamar yadda zoben ya yi. Sabuwar ƙuna ruwan sanyi ake zuba mata na kamar minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Man birki da baƙin mai da man goge baki, waɗanda na san ana shafawa a gareji, ba magani ba ne, datti suke ƙarawa. A tambayi ma'aikatan asibiti batun allurar tetanus.

A ra'ayina, zobe ba shi da wuri a gareji. Batirin mota bolt 12 ne kacal, ba ya jan mutum, amma idan zobe ya haɗa sifana da kan batiri da jikin mota, wutar da take bi ta cikinsa tana iya mayar da shi ja wur cikin ƙiftawar ido. Wanda kuma ya diro daga bayan babbar mota zobensa ya sarƙafe a ƙugiya ko a bakin bodi, nauyin jikinsa kaɗai ya isa ya saɓule fata da jijiyoyin yatsan, irin raunin da sau da yawa ba a iya gyarawa sai an cire yatsan. Ka kafa doka kowa ya zare zobensa ya sa a aljihu kafin ya ɗauki sifana.

Tambaya: Mahaifinmu a Azare ya haura shekara 70, yana da ciwon suga, kuma akwai zoben azurfa a hannunsa tun muna yara. Gaɓoɓin yatsunsa sun yi kauri, zoben yana juyawa amma ba ya wuce gaɓa. Ba ya yi masa ciwo, kuma ya ce a ƙyale masa abinsa. Mu matsa masa?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Tun da zoben yana juyawa kuma yatsan bai canja launi ba, babu gaggawa, amma ina ganin a cire shi ya fi. Kaurin gaɓar tsofaffi yawanci na ƙashi ne, amosanin gaɓɓai ne yake kawo shi, don haka ruwan sanyi da zare ba za su rage shi ba, wahalar da dattijo kawai za a yi. Ciwon suga kuma yana rage jin zafi, yana jinkirta warkewar rauni, ta yadda gyambo zai iya fara ci a ƙarƙashin zobe mai shi bai sani ba, ga shi ruwan alwala yana kwanciya a wurin sau biyar a yini. Ranar da rashin lafiya ta kumbura masa hannu kuwa, abin da yau yake da sauƙi zai zama na gaggawa.

Ku tura zoben gaba kaɗan ku duba fatar da ke ƙarƙashinsa. Idan ta yi laushi fari, ko tana wari, ko zoben ya fara nutsewa cikin nama, asibiti za a kai shi, ba wurin maƙeri ba. Idan lafiya take, ku lallashe shi da cewa ba raba shi da zoben za a yi ba, maƙeran fari za su yanka, su ƙara masa 'yar azurfa, su mayar masa da abinsa daidai hannunsa. A auna sabon faɗin da gaɓar, ba da gindin yatsan ba, kuma a yi awon da rana lokacin da hannu ya ɗumama, domin zoben da aka auna da sanyin safiyar hunturu yakan matse idan bazara ta shigo.